Na je Kano neman shirun Malama Rakiya

Tun da na dawo daga Kano ba ku bar ni na miƙe ƙafa ba. Wadda ta shigo gaisuwa sai ta ce, "Ya Gaji, yaya Kano?" Wadda ta zo aron turmi ma sai ta nemi wuri ta zauna. Na faɗa har bakina ya bushe. To ga shi na rubuta da hannuna, wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Rubutuna babu kyau, na sani. Na wuce shekara hamsin kafin in riƙe bik, wato alƙalami, kar wadda ta yi mini dariya.

Da farko dai ba yawo na je ba. Ni da gwiwar nan ina ni ina yawo.

Ku yaran yanzu ba ku san Malama Rakiya ba, Allah ya jiƙanta. Ita ta koya mana karatu a tsakar gidanta nan Birni, mu manyan mata, bayan la'asar. A lokacin ne mutanen wani proje na yaƙi da jahilci suka zo da rediyo mai kaset, suka ajiye a gabanta, tana koya mana yana ɗauka, don a kai wa matan Durum da Dakusa su ma su ji. Daga baya aka ce kaset ya tsufa. Wani mutum ya zo daga Yamai da ordinater, na'urar nan mai ƙwaƙwalwa, ya mayar da karatun cikin faifai. Shi kaɗai ya iya abin, darasi guda sai ya yi wata yana taɓawa, ranar da ya bar aikin kuwa komai ya tsaya. Sai aka koma ɗan kati da ake sa wa a salula. Sai kuma aka ce an hau da karatun anternet, Madam Hadiza ta proje tana haɗa darasi da kanta a tablet, ta jawo hoto da yatsa ta ɗora murya a kai. Duk sauyin da aka yi sai an kwashe muryar Malama an kai ta sabon wuri, kamar mai zaman haya. Ita ta rasu da daɗewa, muryar ba ta huta ba.

Ran nan Madam Hadiza ta zo ta same ni ina tsince gyaɗa. Ta ce, "Inna, wurin da karatun Malama yake a anternet za a rufe shi ƙarshen wata. Abin da ba a kwashe ba ya tafi ke nan. Akwai masu sabon abin haɗa darasi a Kano, su za su kwashe mana. Amma ana son wanda yake wurin lokacin da aka ɗauka, ya saurara ya ce daidai ne."

Na ce, "Ki nemi wata."

Ta ce, "Wa? Ajin farko ke kaɗai kika rage."

Na ƙirga a raina. Gaskiyarta.

Ranar tafiya na ɗaure kasakasan nan na farko cikin tsohon zane, waɗanda Malama ta bar mini. Madam Hadiza ta gani a tasha ta kama baki. "Inna, me za ki yi da wannan tarkace? Ko abin sa su babu yanzu." Na ce ba a kanta na ɗora ba.

Mun tashi bayan asuba. Mota ta mutum bakwai, mu goma sha ɗaya ne ciki ban da kaji. An ba ni gaba don tsufa, amma tare da wani mai kilishi da ya rungume kwalinsa kamar jariri, ƙamshi na dukan hancina tun daga Tirmini, bai ce bismilla ba har muka rabu. A Takeita muka karya kudu. Kafin Kance taya ta fashe. Muka zauna gindin wata bishiya, direba na zagin taya kamar tana ji. Wata mata da ke bayana, mai zuwa Daura biki, ta tambaye ni ko asibiti za a kai ni. Na ce a'a, aikin anternet zan je. Ta dubi ƙafata, ta dubi Madam Hadiza, ta ce a hankali, "Allah ya ba ta lafiya."

Mun wuce Matamai da hantsi, muka isa Ɗan Barto. A iyaka aka ce kowa ya sauka da kayansa. Wani mai kaki ya buɗe ƙullina, ya ga kaset, ya ɗaga guda sama yana juyawa.

"Inna, waƙoƙin Indiya ne?"

Na ce, "Karatu ne."

Ya ce uwarsa ma tana da irinsu cikin kwalla, ba ta bari a taɓa. Sai ya turo mini takarda da abin dangwala yatsa. Na ture abin na ce a ba ni bik. Na rubuta sunana, harafi bayan harafi, mutane na bayana suna tsaki, rana na dukan kowa. Direba ya ce, "Inna, don Allah dangwala mu tafi!" Na ce shekara hamsin ina dangwale, ya ishe ni. Mai kakin ya jira har na gama, ya duba ya ce ya karantu.

Daga Kwangwalam hanya ta yi ta tsayawa. Nan a tsaya, can a tsaya. Daura, Kazaure, ban ga komai ba sai ƙeyar mutane da bayan manyan motoci. Gwiwata ta kumbura. Da muka shiga Kano kuwa na ɗauka wani abu ne ya faru, ko gobara. Madam Hadiza ta ce a'a, haka suke kullum.

Abin da na fara lura da shi a Kano, kowa Hajiya yake ce mini. Mai adaidaita, Hajiya. Mai ruwa, Hajiya. Na ce wa na otel ban je Makka ba, ya ce, "To Hajiya." Na bar shi.

Otel ɗin kuma, ƙofa babu makulli, sai wani kati kamar na dantite, katin shaidar ɗan ƙasa. Na fita alwala ƙofa ta rufe kanta, katin na ciki, na tsaya a baranda da ɗaurin ƙirji har aka zo. Ɗaki sanyi kamar randa, injin sanyin na busa mini gwiwa, na rufe shi da zane bai daina ba. Banɗaki na kujera, babu buta, sai da na aika aka nemo. Ga ƙarar injin wuta a bayan taga, ba ya numfashi. Da safe aka kawo burodi mai laushi mai zaƙi, ka danna shi ya koma kamar auduga, ba irin namu dogo mai ɓawo ba. Shayi kuma ganyen cikin ƴar jaka da zare. Na tambayi fura, aka ce sai an fita. Masarsu dai tana da daɗi, ba zan yi musu ƙarya ba.

Wanda ya karɓe mu a biro, wato ofishinsu, sunansa Malam Auwalu, sa'an ɗana na fari, furfura ta fara masa a gemu. Mutum ne mai ladabi, ya rusuna ya gaishe ni. Amma yana son abin nan nasa kamar shi ya haife shi. Ya zaunar da mu gaban babban gilashi yana nunawa.

Ya ce, "Hajiya, da can sai an nemi gwani kafin a haɗa darasi. Daga baya malami ya iya da kansa, amma sai ya wuni yana yanka yana jerawa. Wannan kuwa, ki zuba masa tsohuwar murya kawai. Shi zai wanke ta, ya cire ƙura da hayaniya, ya yanka ta gida-gida, ya sa hotuna, ya sa tambayoyi. Darussanku duk na zuba tun makon jiya. Wanda yake minti ashirin ya koma shida."

Na ce, "Sauran sha huɗun fa?"

Ya ce, "Ai babu komai a ciki."

Ya kunna. Muryar Malama ta fito tas, kamar tana bayan kujerata. Tun rasuwarta ban ji ta fito haka ba, sai da na riƙe bakin tebur. Madam Hadiza na murmushi. Ni kuwa ina ji raina na ɓaci, ban san dalili ba. Muryarta ce, kalmominta ne, amma kamar ana korar ta. "Wannan wane harafi ne? Ba ne. Wannan fa? Da ne. Ku haɗa." Ko sallama babu. Malamar da sai ta tambayi kowa ya gida ya yara ya mai jiki, har mu ƙosa.

Aka sa na biyu, aka sa na uku. A na ukun ne na gane. Na ce ya tsayar.

"Ina shirun?"

Ya ce, "Wane shiru, Hajiya?"

Na ce, "Malama in ta yi tambaya takan yi shiru. Ta jira. Ba ta ba da amsa sai mun lalubo. Nan kuwa tana tambaya tana amsa wa kanta kamar mai taɓin hankali."

Ya yi dariya, ba ta raini ba. Ya ce injin ne yake cire duk wurin da babu magana, don darasi ya yi sauƙin saukewa inda rezon salula ba shi da ƙarfi. In mai koyo na son tunani, ga wurin dannawa nan, ya tsayar, in ya gama ya sake dannawa. Ya ce ko'ina haka ake yi yanzu.

Na ce a Durum ba haka ake yi ba. Ya ce za su saba. Madam Hadiza ta taɓa ni ta ce, "Inna, kwana uku kawai gare mu, kar mu tsaya jayayya." Sai ta turo mini takardar da zan sa hannu cewa na saurara daidai ne. Na ce hannuna na ciwo.

Ni ban iya gardamar masu ilimi ba. In na ce ɗaya su ce goma, duk da hujja. Na zauna na yi tagumi har azahar. Aka kawo abinci daga wata mai tuwo, don na ce shinkafarsu ta cikin kwali ba ta zauna mini. Malam Auwalu ma ya ce tuwon zai ci. Ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga, ya yanko loma ya tsoma cikin miyar kuka har wuyan yatsu. Sai na ɗauki salular Madam Hadiza, na kunna darasin, na ajiye can tsakiyar tabarma inda sai ya miƙa.

Malama ta ce, "Wannan wane harafi ne?"

Na ce, "Malam, danna."

Ya dubi hannunsa, miya na zuba. Kafin ya nemi abin gogewa Malama ta wuce harafi uku.

Na ce, "To haka matan Durum suke karatu. Salula guda ce, ta matar mai gari. A ɗora ta kan turmin da aka kife, mata ashirin kewaye, wannan na matsar tunkuza hannu duk mai, wannan na ɓarar gyaɗa, wannan na ba da nono. Wa zai danna? Kuma ko da mai dannawa, wadda ta fi sauri ita za ta riƙa saki, irina a bar mu a baya. Malama ta san da irina, shi ya sa take jira."

Ya dubi salular. Loma na hannunsa. Sai ya ce, "Mama, ba wanda ya taɓa gaya mini mutum ashirin ne kan waya ɗaya." Daga ranar ya daina ce mini Hajiya.

Na ɗauka an gama, ashe aikin ne ya fara. Mafi yawan darussan ya same su yadda suke a tsohon wurin, ya sake kwasowa, ya hana injin taɓa shirun. Amma na farko-farko, na haruffa, waɗanda su ne tushe, tun zamanin mutumin Yamai aka ɗan rage su, yanzu kuma injin ya ƙarasa. Babu cikakku ko'ina. Ya ce sai dai in akwai na asali.

Na kwance zanena na zube kasakasan a kan teburinsa. Ban dubi Madam Hadiza ba. Ita ma ba ta dube ni ba.

Neman rediyo mai kaset a Kano ya ci mana wuni guda. Birnin da ake sayar da komai. Muka shiga kasuwa, wannan ya tura mu wurin wancan, ƙafata kamar ba tawa ba. A ƙarshe cikin wani lungu muka sami wani dattijo mai gyaran rediyo, ido ɗaya ya yi masa fari, shagonsa cike da gawar rediyoyi. Ya karɓi kaset ɗin ya shinshina, ya sa bik cikin ramin ya juya. Ya ce mini, "Ke ce kika adana? Kin fi ƴaƴana hankali." Na ce ban san ƴaƴansa ba amma na yarda.

Ya kunna. Da farko sai shuuu, sai sallamar Malama, doguwa, tana kiran sunaye ɗaya-ɗaya. Duk waɗanda ta kira babu mai rai sai ni. Ta zo kan tambaya. "Wannan wane harafi ne?" Ta yi shiru. Cikin shirun nan da aka ce babu komai, ga daka daga maƙwabta, ga akuya, ga wata na tari, Ta Sallah ce, ƴar ajinmu, na gane tarinta. Sai can wata murya ta ce da ƙarfi, da gadara, "Ka ne!" Malama ta yi dariya ta ce, "Ya Gaji, sake dubawa. Ina jiranki."

Mai gyaran rediyo ya ce, "Wace ce wannan mai taurin kai?" Na ce ban san ta ba.

Kaset takwas suka yi. Uku sun manne, zaren ya tsinke a hannun dattijon, ya ce zafi ne ya cinye su. Na waɗannan ukun sai wankakkun kawai suka rage mana.

Malam Auwalu ya so ya faranta mini. Ya ce injin ya riga ya san muryar Malama, zai iya sa ta ta yi sallamar da ta ɓace, har ma ta koyar da sabbin darussa, babu mai ganewa. Na ce kul. Abin da ba ta faɗa da rai ba kar a ɗora mata tana kwance. In an yi kuskure wa za a tambaya? Ya ce Allah ya ba ni haƙuri, bai sake tayar da zancen ba.

Sai ya koya mini abin da zan iya yi wa ukun nan. Muryar tana fitowa a tablet kamar dogon zare mai ƙulle-ƙulle. In ka sa yatsa biyu bayan tambaya ka buɗa, sai wuri ya buɗe. Ya ce, "Daƙiƙa nawa za a sa, Mama?" Na ce ban san daƙiƙa ba. Ya kunna tambayar, na rufe ido na koma ranar da ban san komai ba, na lalubi harafin a raina har na same shi, sannan na ɗaga hannu. Ya duba ya ce ya yi yawa. Na ce ƙara kaɗan ma, akwai wadda ta fi ni nauyin kai.

Da ya kunna kuwa shirun injin ya fito ɗif, kamar an toshe kunne. Na ce wannan matacce ne. Matan za su ce batir ya ƙare, wata ta miƙa hannu da mai ta ɗauki salular mutane. Ya ce to a ɗauki shirun ɗaki a zuba. Muka kashe injin sanyi muka yi tsit. Abin da ya shiga: injin wuta, hon, mai tallan magani da lasifika. Muka hau bene na sama, haka. Muka gwada da sassafe, haka. Kano ba su da shiru, ko na sayarwa. Ya ce a kwafo daga kaset mana. Na ce a'a, ba za a riƙa maimaita tarin Ta Sallah sau talatin ba, baiwar Allah ta huta.

A ƙarshe ya ce, "Ki tafi da tablet ɗin gida, Mama, ki ɗauko shirun can. Kin ga yadda ake yi. Ba sai da ni ba." Na sa hannu a takardarsu, na rubuta a ƙasa, saura uku.

Dawowa ba abin faɗi. Hanya guda ce, sai dai ta fi tsawo. Na yi kwana biyu kwance ana gasa mini gwiwa.

Rana ta uku bayan la'asar na ɗauki tablet ɗin na tafi gidan Malama. Jikanta ne ciki yanzu da matarsa, sun yi siminti inda muke zama, amma bishiyar na nan. Na ce su ci gaba da harkarsu, kar dai a yi mini magana. Na zauna inda na saba zama, na danna jan wurin ɗaukar murya, na kama bakina. Ku da kuka san ni kun san wannan ya fi tafiyar Kano wuya. Ana daka a maƙwabta har yanzu, ban san ko wace ce ba. Na dubi wurin da takan shimfiɗa tabarmarta. Ban san tsawon zaman da na yi ba.

Ni na zuba shi da yatsana, tambaya bayan tambaya, darasi uku. Madam Hadiza ta aika kafin wata ya ƙare.

Makon jiya muka je Durum gwadawa. Aka kife turmi, aka ɗora salula, mata suka kewaye da kwanukan gyaɗarsu. Malama ta ce, "Wannan wane harafi ne?" Ta yi shiru. Babu wadda ta miƙa hannu. Daka na tashi daga cikin salular a hankali, suna kallon hoton, leɓuna na motsi. Sai cikin shirun aka ji wata ta ja hanci, sau biyu. Ni ban san ya shiga ba.

Matar mai gari ta ce, "Ya Gaji, wace ce wannan a ciki?"

Na ce, "Wata ce mai mura. Ku amsa wa Malama, tana jiranku."